Koriyar Fitilar da Aka Kunna a Saman Tankinku, Alhaji

Zuwa ga Alhaji, mai kamfanin bokitai da butocin roba na Bompai, wanda maigidana yake yi wa aikin wuta tun kafin in haifi autata.

Kafin in gaishe ku, ranku ya daɗe, bari in fara da wanda zai karanta takardar nan alhali ba shi aka rubuta wa ba. Kai mai karatu, idan a gidanku akwai koriyar fitilar nan mai siririn haske, wadda ake sayarwa a bakin titi, yara suna kiranta leza, ka dakata da karatun nan, ka tashi ka karɓe ta daga hannun duk wanda ke riƙe da ita, sannan ka dawo. Kada ka ce abin wasa ne. Wasan ne ya zaunar mini da ɗa a gida, ya kusa zubo ɗaruruwan bayin Allah a kan rufinmu. Kuma kada ka karanta don neman sunan wanda za ka kai majalisa a yi ta zagi. Ban sa sunan mai laifi ba, ba kuma zan sa ba. Wanda abin ya shafa ya san kansa.

To, Alhaji, assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ku da iyali, ina yi muku barka da sauka, ku da Hajiya Babba mahaifiyarku. Allah ya karɓi ibada, ya sa an yi karɓaɓɓiya, ya maimaita mana.

Ni ce matar Malam mai wuta, wanda ma'aikatanku ke kira Injiniya duk da bai taɓa cewa shi injiniya ba ne. Gidanmu yana bayan katangar kamfaninku, daga tsakar gidana ina hango tankin ruwanku. Ɗana na fari yana aiki a hasumiyar filin jirgi, cikin masu ba jirage hanya, su ce wa wannan sauka, su ce wa wancan dakata. Kun san mu, uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta yabonsa a gaban mutane, ba ta shigar masa faɗa. Tun yana goye na riƙe wannan. Ko ranar da aka ba shi lasisin aikin nan, mata suka cika mini gida da guɗa, ni wanke-wanke na ci gaba da yi. Yau ma ba zan kama sunansa ba, zan ce Yayansu, yadda nake faɗa a gida. Amma faɗa kam, na shigar masa. Idan kun ga uwa irina ta ajiye kunya ta ɗauki biro, ku san an kai ta bango.

Ban so yin magana a bainar jama'a ba. Na je get ɗin kamfani, maigadi ya ce Manaja ya ce ba ku nan, alhali motarku tana ƙarƙashin bishiyar darbejiya. Na je gidanku na Hotoro da mayafina da mutuncina, aka zaunar da ni a zaure, aka kawo mini dabino da zamzam a ɗan kofi, aka ce kuna hutawa. Na gode da zamzam, amma ba ita ta kai ni ba. Tunda ɗan ƙaninku, Manaja, ya tsaya tsakaninku da duk wanda zai faɗa muku gaskiya, sai in faɗe ta inda ba shi da get.

Na ɗaya: aikin da kuka raina.

Ni karatuna a sakandare ya tsaya, ban san irin Turancin da suke yi da matuƙa ba. Abin da na sani shi ne yadda aikin nan ya juya mini gida. Ranar da Yayansu zai kama aikin yamma, da hantsi yake barci, don haka ba a daka a gidana da hantsi. Turmi yana kife. Markaɗe sai a kai layin baya. Ƙannensa sun san idan suka buga ƙofa da ƙarfi da ni za su gamu. Maƙwabta har tsiya suke yi mini, wai na mayar da gida asibiti. Na bar su suna faɗa, domin shi da bakinsa ya taɓa gaya wa babansa cewa a kujerar nan mutum ba ya cewa bari in sake tunani. Jirgi ba mota ba ne da za a ce ya faka a gefe. Idan ya taho, ya taho, kuma akwai wani a bayansa, akwai wani yana jiran tashi. A lokacin jigilar alhazai kuwa sai ya dawo gida muryarsa a dishe, ya ci abinci bai san me ya ci ba.

Wayarsa ma ba ya shiga da ita wurin zama. A akwati suke ajiyewa. Ranar da kakarsa ta rasu yana bakin aiki, sai da ya sauko ya ji. Ku riƙe wannan, domin zai dawo a magana ta gaba.

Na biyu: abin da aka yi a saman tanki.

Ranar da za ku sauka daga Saudiyya, Manaja ya shirya muku tarba. Ba laifi ba ne a tarbi alhaji, mu ma muna yi, mu yanka kaza, mu share ƙofar gida. Amma shi bai ga dacewar shinkafa da lemo kaɗai ba. Ya ɗauko hayar babbar koriyar fitila daga wani gidan biki, irin wadda ake haska sama da ita idan amarya za ta shigo, ya ƙara da ƙanana na hannu, ya ce a hau da su saman tanki. Ma'aikata sun ji shi yana faɗa da alfahari cewa ya yi waya da Hajiya Babba tun tana Jidda, ya ce ta nemi kujerar taga, idan ta ga koren haske a kan Bompai ta san jikanta ne ke yi mata sannu da zuwa.

Da rana ya kira Malam ofis, ya ce ya buga wa ɗansa waya ya tambayo ƙarfe nawa jirgin Alhaji zai sauka, kuma ta wane ɓangare zai bi. Malam ya buga, waya a kashe. Ya yi masa bayani cewa ba sa shiga da ita. Manaja ya yi dariya a gaban akanta da masinja, ya ce: “Injiniya, ɗan naka dai ya yi girman kai. 'Yar wannan alfarmar ma ba zai yi wa gidan da ya ci tuwonsa ba?”

Malam ya ɗauki jakar kayan aikinsa ya fita. Ya ja wayar wuta daga janareta zuwa saman tanki kamar yadda aka umarce shi, ya sauko ya tsaya a ɗakin wuta, inda makunnin yake. Daga nan ba a ganin sama. A saninsa fitilar biki tsaye ake saita ta, ta yi ta juyi ita kaɗai.

Bayan magariba samarin ofis suka hau da ƙananan fitilun. Tunda ba su samu lokacin sauka daga wurin ɗana ba, sai suka ce bari su koyi saiti kafin na Hajiya ya iso. Duk jirgin da ya sauko sai su bi shi da haske, suna ihu idan sun same shi. Koyon saiti, Alhaji. A kan jiragen da ke ɗauke da iyayen wasu. Ni ina tsakar gida na ga 'yan siraran hasken suna yawo, na ce wa yara wannan almubazzaranci ne, su shige su yi isha'i. Can direbanku da ke jira a filin jirgi ya bugo ya ce an sanar da jirgin alhazai. Manaja ya leƙo daga sama ya ce Injiniya ya ba babbar fitilar wuta. Malam ya ba ta. Mutum biyu suka kama ta da hannu suka juya ta, suka ɗora ta a kan goshin jirgin da ke saukowa, suka bi shi da ita.

Na uku: abin da ya faru a sama, wanda ku kun ji shi a jikinku.

Kuna cikin jirgin nan. Kun san ya sauko har kuna ganin fitilun gari, sai ya yi wata irin ƙara ya sake cillawa sama, ya karkace. An ce mini salati ya cika jirgin, wata tsohuwa ta suma, robobin zamzam suka yi ta gangarawa. Abin da ba ku sani ba shi ne dalili.

Washegari Yayansu ya shigo da safe bai cire takalmi ba, ya zauna a bakin rijiya. Ban tambaye shi ba, ba na tambayarsa. Babansa ne ya fito zai tafi aiki ya ce lafiya. Yaron ya ce an dakatar da shi daga zama kujera sai an gama bincike. Sai ya jawo butoci biyu, irin na kamfaninku, shuɗiya da ja, ya ajiye a kan siminti yana nuna wa babansa. Ja ita ce babban jirgin alhazai, tana saukowa. Shuɗiya ƙaramin jirgi ne mai zuwa Legas, wanda ya riga ya ba izinin tashi a gabanta, da tazarar da doka ta yarda. Ya ce matuƙan da suka sauka da farko sun ambaci wani ɗan haske daga wajen Bompai, ya sanar da na gaba da shi, ya kuma gargaɗi matuƙin alhazai. Amma abin da ya bugi wannan ba ɗan haske ba ne. Matuƙin ya ce gabansa gaba ɗaya ya cika da haske, ba ya ganin titi, ba ya ganin agogunan da ke gabansa, mataimakinsa ma haka. Bai da zaɓi sai ya fasa sauka ya hau sama. Sama kuwa akwai shuɗiyar buta, ta tashi kenan, kuma ja ta fi ta gudu.

Ya ɗora hannu ɗaya a kan kowace buta, ya ja ɗaya dama, ya ja ɗaya hagu. Ya ce haka ya yi, da baki, cikin numfashi ɗaya. Sun rabu, amma sun kusanci juna fiye da yadda doka ta yarda, kuma duk lokacin da haka ta faru sai an sauke wanda ke kujera a bincika.

Ina kallon Malam. Jakar kayan aikinsa tana kafaɗarsa. Ya tambaya a hankali, wane launi ne hasken. Yaron ya ce kore. Malam ya sauke jakar, ya zauna a ƙasa, a kan siminti, da kayan aikinsa. Shekarun da na yi da mutumin nan ban taɓa ganin ya zauna a ƙasa a gaban 'ya'yansa ba. Ya ce: “Ni na ba ta wuta.”

Ɗan ya dubi uban, uban ya dubi butoci. Wannan shi ne tsarabar da tarbarku ta kawo gidana.

Na huɗu: maganar da kuka yi a walima.

Wannan ita ta fi ci mini rai, kuma ita ce taku ta kanku, ba ta Manaja ba. Ranar walimar dawowarku a harabar kamfani, an kafa rumfa, manyan mutane sun zo, Malam yana gefe yana kula da lasifika. Kuka ba da labarin yadda jirgi ya fasa sauka, kuka ce yaran da ake ɗorawa a hasumiya yanzu ba su san aiki ba, waya suke latsawa, saura kaɗan su kashe ku da mahaifiyarku. Aka yi ta Allah ya kiyaye. Lasifikar da Malam ya jona da hannunsa ita ta kai maganar har tsakar gidana. Ina tankaɗe na ji ta. Yayansu yana ɗakinsa, shi ma ya ji.

Waya suke latsawa! Yaron da ɗan ƙaninku ya zaga da girman kai saboda wayarsa tana kashe, shi ne kuma aka zaga da latsa waya. Ku zaɓi ɗaya mana.

Daga ranar magana ta bazu a unguwa. A wurin markaɗe an ce barci ya yi. A islamiyya wata ta tambayi Hafsa, ƙanwarsa, wai da gaske yayanta ne ya kusa kifar da jirgin alhazai. A masallaci ana ba shi hannu ana kau da kai. Ku mutum ne da ake jin maganarku, Alhaji. Idan kuka faɗi abu a rumfa, kafin la'asar ya zama gaskiya a Dakata da Hotoro. Wanda Allah ya ba irin wannan baki, wajibi ne ya bincika kafin ya buɗe shi, balle mutumin da ya dawo daga ɗakin Allah ko aski bai tofo ba. Ina kyautata muku zato cewa ba ku sani ba. Amma rashin sani bai wanke wanda ya ci naman bawan Allah a gaban jama'a ba, kuma wanda kuka ci namansa shi ne wanda Allah ya yi amfani da harshensa kuka taka ƙasa da ƙafafunku.

Na biyar: ɓoye-ɓoyen da ya biyo baya.

Ba ni da ƙorafi a kan masu bincike. Aikinsu suke yi, kuma da ɗan wata ne a kujerar, ni ma zan so a bincika. Sun saurari muryoyin da aka naɗa, sun ji matuƙi yana faɗin koren haske. Sun zagayo Bompai suna tambaya daga ina ya fito. Da suka zo get ɗinku, Manaja ya karɓe su da fara'a, ya ce shi bai san wata fitila ba, wataƙila yaran unguwa ne. Kafin nan an riga an mayar da babbar fitilar gidan biki, an naɗe wayar, an tara ma'aikata an ce duk wanda ya ga wani abu a saman tanki to ya gani a bakin aikinsa. Mutanen nan daga Jigawa suke, daga Damagaram suke, kowa da bakunan da ke jiransa a ƙauye. Suka yi shiru. Ban zarge su ba, na zargi wanda ya sa su zaɓi tsakanin gaskiya da tuwo.

Ga inda abin ya tsaya wa ɗana. Idan ƙananan fitilun yara ne kawai, irin waɗanda aka riga aka ba shi rahotonsu, to tambayar da ta rage a kansa take: tunda ya san da haske, me ya sa ya saki ƙaramin jirgin a gaban babban? A kan wannan tambaya lasisinsa yake rataye. Amma idan aka tabbatar cewa wata babbar fitila ce daban, wadda ba a kunna ba sai da jirgin alhazai ya sauko, aka kuma bi shi da ita da gangan, to ba mahalukin da ke kujerar nan da zai san tana zuwa. Mutum ɗaya ne zai iya rantsuwa a kan lokacin da aka ba ta wuta da wanda ya ce a ba ta, shi ne wanda ya ɗaga makunnin.

Manaja ma ya san haka. Shi ya sa, ba gaira ba dalili, aka ba Malam takardar canjin wurin aiki zuwa reshenku na Challawa. Mutumin da ke tafiya aiki da ƙafa, yanzu sai ya keta gari tun asuba, ya sauka Panshekara ya ƙarasa a babur, ya dawo bayan isha'i ƙafa a kumbure. Da zai karɓi takardar, Manaja ya dafa kafaɗarsa, yaron da Malam ya sani tun yana zuwa kamfani da gajeren wando, ya ce masa Challawa ma ai kusa ce, akwai inda ya fi ta nisa. Mun gane. Ba yara ba ne mu.

Na shida, kuma wannan tarbiyya ce, ku yi haƙuri ku ji ta daga bakin mace.

Abin da ya jawo duk wannan shi ne ɗabi'ar nan tamu ta ganin cewa komai yana da ƙofar baya. Idan kana da mutum a asibiti ka tsallake layi, idan kana da mutum a filin jirgi sai a gaya maka abin da ba a gaya wa kowa. Tun da yaron nan ya fara aiki nake fama. Wannan ta aiko a tambaya mata ko jirgin mijinta ya taso. Wancan ya makara, wai a ce wa Yayansu ya ɗan riƙe masa jirgi ya iso. Har wani dattijo ya taɓa zuwa da goro, wai a sauke jirgin ɗansa kafin na sauran. Ana faɗa ana dariya, amma cikin ran mutane sun yarda cewa sama ma gonar wani ce. Manaja ya ɗauka tunda tankin naku ne, iskar da ke samansa ma taku ce. Ba taku ba ce. Hanya ce, kuma mutane ne a kanta. Wanda ya tsaya a gadar sama ya haska idon direban tirela kowa zai kira shi mahaukaci. Wanda ya yi wa matuƙin jirgi haka saboda kakarsa ta ga kore ta taga, me za a kira shi? Kuma da abin ya faru, ba a kan Saudiyya za su faɗo ba. A kanmu ne, mu da ke bayan katangarku, da masu aikin kwana a cikin kamfaninku, da shi kansa mai riƙe da fitilar.

Ku kuka ɗora shi a kujerar manaja. Yaron da ba a taɓa ce masa a'a ba, ranar da ya ji ta daga wayar da ke kashe sai ya ɗauke ta zagi. Wannan gyaran naku ne, ba nawa ba.

Abin da nake nema.

Ku kira Manaja ku tambaye shi, a gaban direbanku da maigadi, me aka hau da shi saman tanki ranar da kuka sauka. Ku tambayi Hajiya Babba abin da aka ce ta duba ta taga. Ita ba za ta yi muku ƙarya ba.

Ku rubuta wa masu bincike da hannunku cewa hasken daga kamfaninku ya fito, ku bar ma'aikatanku su faɗi abin da suka gani ba tare da tsoron sallama ba.

Maganar da kuka yi a lasifika, ku janye ta a lasifika. Ba na son a aiko mini da buhun shinkafa ko atamfa cikin dare. Wanda ya kawo zai koma da kayansa. A rumfa aka ɓata sunan, a rumfa za a gyara shi.

Ku hana hawa saman tankin nan da kowace irin fitila, ku kuma gaya wa 'yan'uwanku masu kamfanoni a Bompai da Sharada da Challawa, da masu gidajen biki, tunda ku suna jin maganarku.

Ban roƙe ku ku dawo da Malam Bompai ba, kuma ga dalili. Ko kun yi abin da na nema ko ba ku yi ba, shi ya riga ya yanke shawarar ba da shaida. Ya kwana biyu ba ya cin abinci sosai, ɗan kuma yana ce masa ya bari, kada ya rasa aikinsa a kan nasa. Ni ban sa baki ba sai da ya tambaye ni. Na ce masa tuwon da za a ci a kan sunan yaron nan ni ba zan tuƙa shi ba, in ya so mu koma sayar da ƙosai a ƙofar gida, na iya. Ranar da kwamitin bincike zai zauna, Malam zai sa farar rigarsa ta Juma'a ya je ya faɗi cewa shi ya ja wayar, shi ya ɗaga makunnin, da wanda ya ce ya ɗaga. Ya san za a iya tuhumarsa shi ma. Ya ce gara a tuhume shi a kan abin da ya yi da a hukunta ɗansa a kan abin da bai yi ba. Don haka idan aka wayi gari an sallami Malam mai wuta daga kamfaninku, kada a ce wa mutane tsufa ne ko rage ma'aikata. Duk wanda ya karanta takardar nan ya san dalili.

Ina roƙon Allah ya ƙara wa Hajiya Babba lafiya, ya ba ku ikon jin gaskiya ko daga bakin wanda kuke biya albashi, ya shirya muku Manaja, ya tsare dukiyarku daga haƙƙin mutane. Allah ya kiyaye duk wanda ke sama da duk wanda ke ƙasa, ya dafa wa masu zaman kujerar nan, nawa da na wasu.

Ni dai iyakar mulkina gidana, kuma na kafa doka, na tara su na faɗa, har da Malam a zaune. A gidan nan ba a ƙara ɗaga haske sama, ko leza, ko tocila, ko fitilar waya. Wanda ya ji ƙarar jirgi ya sauke hannunsa ya ce Allah ya sauke su lafiya. Wanda ya zo neman alfarmar jirgi, ko wane ne shi, a zaure zai tsaya, a ba shi ruwa, a ce na ce babu. Ba wanda zai ƙara jona wa wani waya sai ya ga abin da za a haska da idonsa. Turmi kuma yana nan a kife da hantsi. Hafsa ta ce mini ai Yaya ba ya zuwa aiki yanzu, a bar su su yi daka. Na ce ba za a daka ba. Zai koma, kuma ba na son ya koma da barcin da aka ɓata masa.

Wassalam.

Matar Malam mai wuta,
bayan katangarku, Bompai.